Hanyar Guntu Zuwa Kicin

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Inna lafiya lau. Na rubuto ne don gidan nan ƙarami ne, in na yi magana a waya tana ji daga ɗakinta.

Ranar Talata da safe na ga wani abu. Na fito daga wanka zan tafi shago, tawul ya zame daga kafaɗata ya faɗi a miƙe, bakinsa ɗaya yana taɓa buhun da karenmu Guntu ke kwana a kai. Na shiga ɗaki neman riga. Da na fito sai na tarar da karen tsaye a kan tawul ɗin. Kin san wata uku ke nan sai an ɗauke shi ake fita da shi, abinci ma sai an tura masa kwano har bakin hanci. Ban yi motsi ba. Ya taka har ƙarshen tawul, taku shida na ƙirga, ya miƙa wuya yana shinshina wajen kicin. Ya ajiye ƙafa ɗaya a ƙasa, ya janye ta. Ya juya ya koma buhunsa ya kwanta.

Na san kin ce likitan dabbobi ya zo ranar Asabar ya yi masa allurar da ba a tashi. Ban ce kin yi kuskure ba. Ina roƙon a ɗaga ranar da sati biyu. A ganina wanda ya gama da duniya ba zai tsaya shinshinar kicin ba.

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki, Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, kowa lafiya, yara suna gaida kawunsu.

Taku shida a kan tawul ba waraka ba ce. Shekarar karen nan goma sha huɗu. Ni ma na san karen Baba ne, ina nan ranar da ya shigo da shi a aljihun rigar aiki. Amma Baba ya rasu shekara biyu ke nan, kuma Inna nake ji. Zuwana na ƙarshe a kujera ɗaya na same ta, a ita na bar ta, ta zuba wa karen ido, shi ma ya zuba mata. Matar da a da ba ta iya zaman minti biyar. Kallon abin da ke mutuwa a hankali shi ke cin ta, kai ba ka gani saboda kullum kuna tare.

Na ba ka sati biyun. Na kira likita, ya mayar da zuwansa Asabar ɗin bayan sati biyu. Bayan nan babu ƙari.

Sannan don Allah kar ka cika falo da tsummoki da sunan gwaji. Na san halinka. Ba don a rufe shi na sa aka ɓamɓare tsohon kafet aka shimfiɗa wa Inna tayil ba. A riƙa goge shi kullum, fari ne, ba ya ɓoye datti.

Ka gaishe ta, ka tabbata tana shan maganinta. Ka huta lafiya.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya, ya aiki, ya yara.

Zan fara da laifina. Na cika falo da tsummoki. A shagonmu na gyaran kujeru akwai ragowar kafet da muke yankewa, maigidana ya ce in kwashe, dama sun tare masa hanya. Na yanka su faɗin taku biyu, na jera daga buhun Guntu zuwa ƙofar kicin, na manna ƙasansu kar su zame. Kala huɗu ne, babu wanda ya dace da wani. Inna ta ce gidan ya koma kamar wandon mahaukaci.

Rana ta farko bai tashi ba. Ta biyu na yanka hanta ƙanana, na ajiye ɗaya a inda tawul ya ƙare ran nan, ɗaya gaba kaɗan. Ya ci biyun ya koma. Ba na matsa masa. Minti biyar da safe kafin in fita, minti biyar da yamma, in ya fara haki mu bari. Na duba ƙafafunsa, farata sun yi tsawo har suna lanƙwashewa, gashi ya rufe tafin gaba ɗaya. Na rage su da almakashin shago. Yanzu ina kife kofi uku a ƙarshen kafet, hanta a ƙarƙashin ɗaya, ya je ya ture da hanci. Jiya ya kai kicin sau biyu, taku ashirin da ɗaya. Ko sau ɗaya bai sauka daga kan kafet ba. In hantar ta gangara kan tayil, kallonta yake yi har in ɗauko masa.

To ga abin da na daɗe ina juyawa kafin in rubuta. Ina durƙushe ina manna kafet, na ga wani layi a bango, daidai tsayin ƙugu, daga ƙofar ɗakin Inna zuwa banɗaki. Shatin hannu ne, na mai dafa bango. Daga banɗaki bai wuce ko'ina ba. Na lissafa, sai na ga ba mu taɓa samun wannan layi ba kafin a sake fenti, kuma fenti da tayil sati ɗaya aka yi su.

Na sauka na tambayi maƙwabciyarmu mai ɗinki ko ta san wani abu. Ta yi ta kewaye-kewaye, can ta faɗa. Kwana huɗu da gama aikin tayil, ina shago, Inna ta zame a falo da butar shayi a hannu, ta faɗi a kan karen. Kukansa ne ya sa mai ɗinki ta hau. Ita ta ɗaga ta, ta shafa mata man zafi a ƙugu. Inna ta sa ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, musamman ke. Wai yarinyar ta yi ɗawainiya don ta faranta mata, ba za a ce mata kyautarta ce ta kayar da uwarta ba.

Ban nuna wa Inna na sani ba. Na dai ƙara wani layin kafet daga ƙofarta zuwa inda na Guntu ya fara, na ce ragowa ce ba ni da inda zan sa. Ta ce, "Kare ne zai shigo mini ɗaki?" Na ce a'a, Baba ya hore shi, ba ya tsallake ƙofar ɗakin da ake salla. Ta ce to wa na yi wa hanyar? Na ce na makara, na fita.

Ban rubuto don in ɓata miki rai ba. Tayil ɗin yana da kyau, kowa ya shigo sai ya faɗa. Abin da na gani ke nan. A gaida kowa.

Auta

*

Auta,

Salamu alaikum.

Na karanta a ofis, na sake karantawa a mota. Kullum sai na kira Inna. Kullum sai na tambaye ta tayil, ta ce kamar gidan amarya. Wata uku.

Ban soke zuwan likita ba. Ya zo da allurarsa kamar yadda aka yi, ya duba da idonsa, abin da ya yanke shi ke nan. Ba na so mu riƙe dabba tana wahala don kawai mu ji daɗin ranmu. Ni ba zan samu zuwa ba, kuma ko da zan samu ban san da wace fuska zan shiga falon ba.

Ka rubuto mini abin da ya faru, yadda ya faru. Kar ka gyara don ni. Ka gaishe ta.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa.

Likita ya zo yau ƙarfe tara. Ya ajiye jakarsa a kan tebur ya buɗe. Guntu yana kwance, na kira shi bai ɗago ba. Na kife kofunan, bai kula ba. Jiya ya yi yawo da yawa, ina jin ya gaji. Likita ya duba agogo, ya fara sa safar hannu.

Inna ta tashi daga kujerarta. Ta ce ba a taɓa yin baƙo a gidanta ya tafi bai sha shayi ba. Ta hau kafet, ta kama hanyar kicin, hannunta bai taɓa bango ba. Tana wuce buhun ta ce, "Tashi, malalaci, za ka ba mu kunya gaban mutane." Ya tashi. Ya bi ta a baya har kicin, ya zauna a bakin ƙofa inda yake zama lokacin Baba, har ruwa ya tafasa, suka dawo tare.

Likita ya saurari ƙirjinsa, ya lanƙwasa masa ƙafafu. Ya ce zuciyar ta tsufa, gaɓoɓi suna ciwo, ba zai yi mana alkawarin shekara ba. Ya ba da ƙwayoyi na safe, ya ce a ci gaba da minti biyar ɗin. Ya rufe jakar, ya sha shayi.

Da ya tafi na ce wa Inna zan kawo kafet babba in rufe falon duka. Ta ce a'a. Hanyar ta isa, a bar gefe da gefe a buɗe, mutane su riƙa ganin tayil ɗin 'yarta. Ta ce in gaya miki haka, kuma ki zo.

Ban gyara komai ba. In kina so ki tambaya, ban da ni da likita akwai mai ɗinki, ta hau don ta zauna da Inna lokacin da za a yi wa Guntu allurar, da kuma mai kawo tukunyar gas, wanda ya tsaya a ƙofa da ita a kafaɗa yana jira Inna da Guntu su wuce.

Ƙanenki, Auta