Sunan da Ake Kira a Bakin Kogi

Santa Ines, Nuwamba

Baket Perlita,

Gaisuwa mai yawa, matata, da fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a Milan. Yaya sanyi? Yaya gwiwar taki? Ni na iso gida lafiya.

Kin ce in ba ki labarin gari. Bari in fara da nawa. Kin dai san ni: daga aji uku na bar sakandare, ba ubangida, ba ɗan'uwa a gwamnati. Da idona na koyi walda a Manila. Na yi shekara ashirin da 'yan kai a Jubail ta Saudiyya, cikin zafin da ke narka takalmi. Yaranmu biyu sun gama jami'a, gidan bulo ya tashi, ban taɓa zuwa ƙofar wani da roƙo ba. Yanzu kuma na sa an haƙa burtsatse a gonar marigayi babanmu, Tatang, na ɗora inji, na haɗa bututu da hannuna. Na dasa shinkafar rani tun kafin kowa.

Ranar Lahadi na yanka akuya biyu, gari ya zo. Ana cikin shan giyar rake sai kawunki, Tata Berting, wanda har yanzu shi ke shugabantar masu raba ruwan kogi, ya dafa ni ya ce, "Isyong, guguwa ta tafi da madatsa. In ka ji ƙaho gobe, ka fito da addarka." Wato in shiga kogi ina jera duwatsu da gora kamar zamanin kakanninmu! Na ce, "Tata, ni ruwana daga ƙarƙashin ƙasa yake zuwa. Ku raba kasona, ba na buƙata." Aka yi dariya. Kulas, mai kiran suna, ya ce, "Ku bar shi, Saudi ya dawo da rijiyar mansa."

Yayata Manang Ising ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ta tashi tana kwashe kwanuka. Ta tsufa, Baket. Kafaɗarta ɗaya ta karkace. Na kawo mata turare da agogo, ta yi godiya ta ajiye.

Kin yi alkawari in gona ta ba da amfanin farko za ki ajiye aiki ki dawo. To, ki fara ɗaure kaya.

Mijinki,
Dionisio

Santa Ines, Janairu

Baket,

Ina gaishe ki, ina fatan sanyin ya yi sauƙi. Ni jikina lafiya.

Injin ba shi da laifi, wannan ki sani. Ƙasa ce ta ja ruwanta. Tun bayan Kirsimeti yashi yake jawowa. Shinkafa ta ɗauki ciki, ga ganye yana naɗewa, ƙasa ta tsage har hannuna yana shiga. Lambatun kogi kuwa yana wucewa ta gefen gonar, cike taf. Ina jin ƙararsa daga inda nake tsaye.

Na je wurin Tata Berting. Na ɗora hannunsa a goshina yadda ya kamata, na ce a buɗe min ruwa. Ya ce ruwa na wanda ake amsa sunansa a bakin kogi ne, nawa kuwa an cire. Na ce sau ɗaya fa na ƙi fitowa. Sai ya tambaye ni ko na san wanda yake amsa min duk shekarun nan.

Baket, tun da Tatang ya rasu sunana ake kira a kan gonar nan, Manang ke amsawa. Sai ta ɗauki duwatsunta, ta koma ta ɗauki nawa. Kin san da haka? In kin sani, me ya hana ki faɗa min? Washegarin walimata Kulas ya kira sunana sau uku, kowa ya juya yana kallonta, ita kuwa ta zuba wa ruwa ido. Shi ke nan.

Na ce ai ina aiko da kuɗi. Tata ya ce, "Kana aikowa, ɗana. Amma ban taɓa ganinsu sun shiga kogi ba." Na ce zan ƙera musu ƙofar ƙarfe irin wadda ba su taɓa gani ba. Ya ce suna so, amma maganar mayar da suna sai taron bayan girbi. Bayan girbi! Me zan girbe?

Daga nan na bi ta gidan Manang. Na tarar tana shanya tafarnuwa. Na shirya magana tun daga hanya, amma da na ga kafaɗar nan sai na nemi wuri na zauna. Ta ce, "Ading, ƙanena, ka ci abinci?" Ta zubo min shinkafa da miyar gauta. Na ci, na tashi.

Ba na barci sosai. Ba asarar ce ke damuna ba, wani sanyin da za ki ƙara yi a can ne. Kada ki faɗa wa yara.

Naki,
Dionisio

Santa Ines, Fabrairu

Baket Perlita,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso. Kin ce kin sha faɗa min, ni ne ba na ji. Ban tuna ba, amma ba zan yi musu da ke daga nesa ba.

Wani gefen madatsa ya zube, aka busa ƙaho, na fita da addata. Ba wanda ya kira ni. Kulas ya hango ni ya ce, "Saudi, ina injin? Ko ya tafi hutu?" Na ce in yana da ƙarfin surutu ya zo mu gwada na dutse. Ruwa har ƙugu, sanyi kamar ƙanƙara, duwatsu masu santsi. Ƙarfe na saba ɗagawa, amma wannan aikin daban ne. Da rana aka shimfiɗa ganyen ayaba, kowa ya juye abin da ya kawo. Ban kawo komai ba, don ban san ana kawowa ba. Aka matsa min wuri.

Ranar da zagayen ruwa ya zo kan Manang, ina zaune a kan kunya ina kallon shinkafata tana mutuwa. Kin san gonarta ce a saman tawa. Sai ga ta da fartanya. Ba ta dube ni ba. Ta sare kunyar da ke tsakaninmu, ruwa ya gangaro. Na ce, "Manang, taki fa?" Ta ce, "Matsa, kana tare min hanya." Tata Berting ya zo wucewa da ɓaunarsa ta noma, ya sunkuyar da kai yana duba ƙafar ɓaunar kamar bai gan mu ba, bai ɗago ba sai da ya wuce mu.

Ni ban roƙe ta ba, ki shaida. Fadamarta ta ƙasa ba za ta yi kirki bana ba, na kuma san dalili. Tawa ta farfaɗo, ban da gefen hanya da ya riga ya ƙone. Na ce mata girbin namu ne mu biyu. Ta ce in fara girbewa tukuna.

Makon jiya an sake busa ƙaho. Na bi ta gidanta na tarar ba ta iya ɗaga hannu. Na ɗauke addarta na rataye a inda ba za ta kai ba. Da Kulas ya kira cikakken sunanta, "Luisa Bumanglag," na ce, "Ga ni." Ba wanda ya yi dariya. Na ɗauki duwatsunta, na koma na ɗauki nawa. Har yau ba na iya sunkuyawa in ɗaura takalmi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Idan Kulas ya gama kiran kowa, sai ya ƙara da, "Sai ƙanin Ising." Ina amsawa, don ba ni da wani. Amma wannan ba suna ba ne, kuma ba ya buɗe ruwa. In ba a mayar da ni a taron ba, baɗi ma daga gonarta zan sha, kuma ba zan bari ba.

Tata Berting kawunki ne, yana jin maganarki. Ki rubuta masa. Kada ki ce ni na sa ki. Ki ce mutumin da ya yi abin da na yi a duniya, ya kuma dawo ya shiga kogi, ya isa a kira shi da sunansa. A rubuta shi cikakke, a ƙarƙashin na Manang: Dionisio Bumanglag.

Ki sayo mata man zafi mai kyau in za ki taho.

Mijinki mai jiranki,
Dionisio Bumanglag