Mai Kunnuwa Shida

Rano,
Yuni, 1960.

Zuwa ga Yaya Isiyaku,

Gaisuwa mai yawa da so da girmamawa. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Saude da yara. Yaya sanyin Jos, yaya aikin kuza? Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, an yi shuka. Inna tana gaishe ka, ta ce goro ya iso, Allah ya yi albarka.

Bayan haka ina da labari, amma ka nemi wuri ka zauna tukuna. Ƙaninka tela ya sayi jita.

Ka tuna malamin disfensaren nan mutumin Kudu da nake yi wa ɗinki? An yi masa canjin wurin aiki, yana ta rage kaya. Na je kai masa wandonsa da la'asar, na tarar da shi a ƙofar ɗaki rungume da wani abu kamar ƙatuwar garaya, sai dai babu fata, duk katako ne ja yana sheƙi. Ya sa babban yatsa ya shafo tsirkiyoyin nan shida a tare. Yaya, wallahi tsigar jikina ta tashi. Mun ji garaya, mun ji gurmi, mun san iyakarsu. Wannan kuwa muryoyi shida ne suka tashi lokaci guda, kowace da hanyarta, ba wadda ta taka 'yar'uwarta. Har ya ɗauke hannu abin bai yi shiru ba, yana ta amsa kansa a can cikin cikinsa. Na tsaya da wandon mutane a hannu, na manta abin da ya kawo ni. Ribar ɗinkin Babbar Salla dai can ta tafi, kada ka gaya wa Inna.

Kafin motarsa ta tashi ya nuna mini danna yatsu iri uku, ya ce da su kaɗai ana waƙa ɗari. A ƙarshen wuyanta akwai wasu 'yan ƙarafa shida da ake ɗaure tsirkiya da su. Ni na sa musu suna kunnuwa, don in ta yi maka gardama su ake murɗewa har ta dawo hanya, kamar yadda marigayi Malam ya riƙa yi mana.

Ka tambayi jikin 'yarka ta wajena. Sanƙarau ya sake ta, wuya ya warware, tana ci tana yawo, alhamdu lillahi. Amma kunnen bai dawo ba. Shekaranjiya tasa ta faɗi a bayanta, kaji suka watse, ita ko waiwaye. Yarinyar da take hana gida sakat da surutu, yanzu sai ta zauna gindin turmi tana kallon bakin mutane. Maganar tata ma ta ɗauke. Ka san 'yar fari ce, shekararta biyar ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Ba ni da bakin yin zancenta a gida, kai kaɗai nake iya gaya wa cewa abin yana cina. Ka sa ta a addu'a.

Ka huta lafiya. Ni ne ƙaninka,
Shitu.

Rano,
Agusta, 1960.

Zuwa ga Yaya Isiyaku,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Yaya ruwa a wajenku? Nan kam marka ta kama, katangar bayan gida ta jiƙa sharaf. Takardarka ta iso, na kuma ga tsiyar da ka yi mini, wai ɗan malam ya koma maroƙi. Ba kai ka fara ba. A kasuwa har an yi mini kirari, wai Shitu mai jita, ya cika gari da jita-jita.

Ashe abin nan kallonsa ne da sauƙi. Ina taƙama allura ta gama kashe mini yatsu, sai ga waya ta yanka su kamar na jariri. Kan yatsuna huɗu duk ya yi ƙululu, in na kama zare sai na cije baki. In na danna daidai a nan sai can ya kuɓuce, ƙarar ta fito kamar an taka ɗan akuya. Amma wani lokaci, ban san yadda aka yi ba, sai yatsun su faɗa wurinsu, muryoyin nan su haɗu. Sai in saki hannu in bi ƙarar da kunne har ta ɓace, in ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ɓoye wannan a cikin itace da waya.

Bari ka ji wautar da na yi. Da sanyin damina ya sa muryar jitar ta kwanta, na nemi shawarar Mato mai garayar maharba. Ya ce ai ba wani abu ba ne, in gasa ta a bakin wuta yadda suke yi wa tasu, fata ta ɗame. Ni da shi ba wanda ya tuna cewa ba ta da fatar. Na kanga ta kusa da murhu, muna hira, sai muka ji tas! Siririyar tsirkiyar ta tsinke, fentin gefe ya tashi ƙuraje. Mato ya ce lallai garayar Turawa ba ta da juriya, ya sa takalmi ya yi gaba. Yanzu tsirkiya biyar gare ta, sai an je Kano.

Wannan duk dariya ne. Abin da ba na dariya ba shi ne ƙanwarka Ramlatu, mai ɗakina. Tun da na kawo abin nan ba ta tanka ba, sai ran Juma'a da ta same ni a zaure ina fama. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce na rasa abin da zan kawo gidan da yarinya ta kurumce sai abin saurare. Ta ce katako har kunne shida gare shi, 'yarta ko ɗaya mai aiki babu. Ta ce ita ta yar da kunyar 'yar fari tun ranar da aka shimfiɗe yarinyar ba ta san wanda ke kanta ba, ni kuwa har yau ina kawar da kai in ta wuce, amma ga ni na rungume itace kamar goyo.

Yaya, ta ina zan fara gaya mata cewa in na shiga zaure da jitar nan, gudun shirun cikin gida nake yi? Na yi mata alkawari zan raba ta da gidan. Maharazu malamin makarantar Kibiya ya daɗe yana so, wai zai yi wa yara kiɗa da ita ran bikin mulkin kai. In hanya ta tsane zan ɗaura ta a keke in kai masa. Raina yana sonta, amma zaman gidana ya fi.

Ka gaida Yaya Saude da yara. Naka,
Shitu.

Rano,
Oktoba, 1960.

Zuwa ga Yaya Isiyaku,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwa. Ina fata kun yi bikin mulkin kai lafiya. Nan ma an yi, an ɗaga sabuwar tuta, 'yan makaranta sun yi maci. Amma ni ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Jita ba ta je Kibiya ba.

Ranar da na shirya kai ta, da hantsi, na fito da keke na jingine, na ce bari in taɓa ta sau ɗaya na sallama. Ina zaune a zaure sai ga 'yarka ta shigo. Ramin cikin jitar take son leƙawa, ta matso ta ɗora haɓarta a kan katakon. Ni kuwa kamar kullum na kawar da kai, na bugi babbar tsirkiyar nan mai kauri.

Sai yarinya ta yi tsalle baya kamar kunama ta harbe ta. Ta dubi katakon, ta dube ni. Rabon da in ga idonta haka tun kafin ciwo. Ta dawo a hankali ta mayar da haɓa, ta kama babban yatsana da hannunta biyu, ta ɗora shi a kan tsirkiyar. Na buga. Ta rufe ido. Na sake bugawa, sai ta kafa haƙoranta a gefen katakon, daidai inda wuta ta ƙona.

Na yi mata danna yatsun nan uku da na sha wuya a kansu. Yaya, tana rarrabewa! In na sauya sai girarta ta ɗaga. Akwai ɗaya da ba ta so, in na zo kansa sai ta bugi hannuna. Can sai na ji wani abu yana bin ƙarar daga ƙasa, a dishe, a karkace. Na zaci wata tsirkiyar ce ta saki. Ashe muryarta ce. Ramlatu ta taho da ƙwaryar gero, ta tsaya cik a bakin ƙofa. Inna ma ta fito, ga Mato da wasu masu wucewa sun leƙo.

Ban ce maka ta warke ba. An tafa hannu a bayanta, ba ta juya ba. Kunnen yana nan yadda yake. Amma Allah da ya rufe wannan ƙofar ya bar wata a ƙashi da haƙori, mu ba mu sani ba. Ni da na zaci kiɗa na kunne ne kaɗai, ga shi yana bin itace yana shiga mutum.

Sai wani tunani ya zo mini. Na ɗaga yarinyar na ɗora a cinyata, a gaban Inna, a gaban kowa. Na manna bakina a jikin katakon, ita haƙoranta suna ɗaya gefen, na kira sunanta da ƙarfi. Inna ta sa mayafi ta rufe baki, amma ba ta hana ni ba. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, ta kama kaina ta mayar kan katakon, wai in ƙara. Na ƙara, na ƙara, har muryata ta ƙi fita, hawaye na zuba a kan fentin. Lokacin da take da kunnen ji ban kira ba. Ban sani ba ko sunan ta gane, ko rawar itacen ce kawai take mata daɗi. Ko wanne ne, daga bakina ya fito ya isa gare ta.

Ramlatu da kanta ta mayar da keken ciki. Da yamma na ga ta ɗinka wa jitar riga da ragowar atamfa. Na aika wa Maharazu ya yi haƙuri.

In kana tahowa ka biya Kano ka sayo mana tsirkiya. Ba siririyar da ta tsinke ba, wannan ba ta isa gare ta. Mai kaurin nake so, ko biyu, kada ta tsinke mana rana tsaka.

Inna da Ramlatu suna gaisuwa. Ummukulsum ma tana gaishe ka. Ka ga, na rubuta shi.

Ni ne ƙaninka,
Shitu.