Sil Biyat Na Ce, Biyu Anka Aiko

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya yi manhajar sayayya mai amsa murya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka duka.

Ranka ya daɗe, sunana Iro, bakaniken injin ban ruwa a Sabon Birni. Na yi karatun allo, ina karanta ajami ina rubuta shi, amma ban yi boko ba. Ƙanwata Rabi, mai koyarwa a firamare, ita ke rubuta wagga wasiƙa ni ina faɗa. Na ce a buga ta a fili don maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.

1. Godiya ce ta fara kawo ni

Da, duk kayan gyara Sakkwato nake zuwa in sayo. Kun san abin da hanyarmu ta zama. Abokin sana'ata Sani, mutumin Gangara, ya hau mota zuwa sayen kafireto guda ɗaya tak, ɓarayin daji sunka tare su. Wata biyu ya yi a hannunsu. Allah ya sa ya dawo da rai. Daga nan matata ta ce in na sake hawa wagga hanya saboda ƙarfe, to ita za ta koma gidansu. Sai injina sunka taru a rumfata, manoma na zuwa suna komawa.

Wani direban tasha ne ya sa mini manhajarku a waya, ya ce ba sai na rubuta ba, magana kurum za ni yi. Ran farko kunya ta sa na zaga bayan rumfa, kada a ga dattijo yana hira da waya. Na ce ina son fankar inji mai inci ukku. Muryar ta gaishe ni, ta tambaye ni wane irin inji ne, ta karanto mini iri-iri har na zaɓa. Bayan kwana huɗu kaya na tasha. Na buɗe kwali na ga fanka ce daidai, ba ragi ba ƙari, na zauna na daɗe ina kallonta.

Wallahi kun yi aiki. Muryar nan ba ta gajiya da tambaya, ba ta raina wanda bai yi boko ba. Akwai ranar da na zaɓi tiyo, ta ce mini wannan ba zai shiga bakin injin da na ambata ba, ko in sake dubawa? Na duba, ita ke da gaskiya. Yanzu har Jaɓɓo, Bafulatanin da ke zuwa daga Burkusuma ranar kasuwa, a rumfata yake tsayawa ya sayi fitila mai hasken rana da bakinsa. Mutanenmu sun sa mata suna Hajiyar Waya.

2. Abin da ya same ni a ranin bana

Injina biyat sunka lalace mako guda, duka ciwo ɗaya: sil, wato robar da ke hana ruwa yoyo, ya cinye. Na ce wa muryar sil biyat nake so. Mu nan haka muke faɗin biyar. Ta maimaita mini, sai sabis ya yanke daidai wurin adadin, "biy" kurum na ji. Na ce e. Da kaya sunka iso, guda biyu na tarar.

Ranka ya daɗe, manoma biyat ne ke jira, kowa albasarsa ta kai lokacin da ba ta haƙurin ƙishi. Sil biyun na sa wa mutum biyun da sunka fara kawo inji. Biyu daga cikin sauran sun sami aron inji wurin 'yan'uwa. Na ƙarshe shi ne Malam Hassan, wanda rashin zaman lafiya ya koro daga Gatawa, anka ba shi aron ɗan fili a fadama. Ba shi da kowa nan da zai ara mishi. Na sake oda, sai da ta yi kwana shidda. Kafin nan na yanko robar tayar babur na yi mishi dabara, yini ɗaya ta riƙe ta fashe. Shi da matarsa sunka koma ban ruwa da bokiti, tun hantsi har la'asar, amma rabin albasar ta ƙone. Da na kai mishi injin a gyare bai ɗaga mini murya ba. Cewa ya yi haka Allah ya so, ya kuma yi mini godiya. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na kira lambarku ta ƙorafi, wadda ta ɗauka Turanci take yi. Sai da na nemo Rabi. Sun ba da haƙuri cikin ladabi, sun ce biyu na'ura ta ji. Na yarda, ba wanda ya cuce ni da gangan. Amma haƙurin bai shayar da albasa ba.

3. Roƙona

Ku koya wa muryar nan Hausarmu. Mu biyat muke cewa, da ukku, da shidda. In na ce "za ni sayi abu", ba zane nake nema ba. Ta taɓa jero mini atamfofi ina neman fulogi. In kuna son muryoyin da za ta koya da su, ku aiko mutum, rumfata a buɗe take, ranar kasuwa za ku sami Bagobiri da Bafulatani da ɗan ƙetare.

In ta zo kan adadi, ta ƙirgo shi ɗaya bayan ɗaya. In sabis ya yanke, ta sake tambaya, kada ta karɓi "e" daga wanda bai ji ba. Ku kuma sa mai jin Hausa a layin ƙorafi.

Makon jiya Malam Hassan ya zo rumfata da wayarsa. Na zaci wani injin ne ya lalace. Ashe so yake in sa mishi manhajarku, zai nemi irin albasa na baɗi, don shi ma ba ya son hawa hanya. Na sa mishi. Mutumin da ya rasa rabin gonarsa ta sanadin kuskuren nan shi ne yau ya ba ku amana. Ku riƙe ta da kyau.

Allah ya ƙara wa aikinku albarka, ya saka muku da alheri, ya tsare direbobin da ke kawo mana kaya, ya ba ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Iro Bakanike, Sabon Birni