Sunanta a Kan Kwalaben Jini

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ki gaishe min da ita.

Akwai abin da na kasa faɗa miki a waya. Kin san ni ke kula da kwamfutar ɗakin gwajin jini. Jiya na'ura ta buga takardun da ake liƙa wa kwalabe, kowacce ta fito da sunan marigayiya matata. Mai ɗiban jini ta dire tire ta fice, har yanzu ta ƙi shiga ɗakin ita kaɗai.

Ni na san dalili. Ranar da aka yi wa matata gwajin ƙarshe ta zauna a kujerata tana tsokanata, ta rubuta sunanta a baƙar tagar allo da nake ba kwamfuta umarni, cikin ma'ajin da na kira "suna", inda na'ura ke ɗauko sunan da za ta buga. Ban yi masa shingen setlocal ba, wato umarnin da ke goge abin da aka ajiye in aiki ya ƙare, don haka yana nan muddin tagar na buɗe, ni kuwa ban taɓa rufe ta ba. Sabon umarnin da na rubuta kuma, abin da aka rubuta tsakanin alamar baka biyu sau ɗaya yake karantawa kafin ya fara zagaye kwalabe. Ko an sauya suna a ciki, wanda ya tarar yake riƙewa. Nata ya tarar.

Likita ya ce jinin mutane ba abin wasa ba ne, in rufe tagar ko in bar aikin. Gaskiyarsa. Amma da hannunta ta rubuta, Yaya, kuma ina rufewa shi ke nan.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya.

Na rufe. Na gyara umarnin yadda zai riƙa karanta suna a kowane zagaye, na kashe kwamfutar na kunna, na duba ma'ajin, wayam. Sai da na yi kuka.

Takardu suka fito daidai, kowa da sunansa. Na miƙe ke nan na'urar ta ƙara jan takarda ɗaya, alhali kwalabe sun ƙare. Ba sunan da ta rubuta ba ne. Wanda nake kiranta da shi ne in mu biyu ne a ɗaki, ko ke ba ki san shi ba, ban kuma taɓa rubuta shi a ko'ina ba.

Ban nuna wa likita ba. Wallahi tsoro nake ji, amma gobe sai na riga kowa zuwa.

Kada ki faɗa wa Inna.

Ƙaninki,
Auta