Baƙin Tabon da ke Tafin Ƙafar Mansura

Da sunan Allah. Ni Nata'ala Bamalli, likitan ciwon dajin fata da na ƙoda, mazaunin Kwamba a Suleja, nake rubuta muku wannan wasiyya, 'ya'yana, a shekarar 1997. Jiki ya gaji, amma hankalina garau yake. Ciwon da na ƙare rayuwata ina yaƙa a jikin mutane shi ya kama ƙodata, kuma na san inda ya dosa.

Na ɗaya. Gida da gonar Garam a raba yadda shari'a ta tanada. Kada wanda ya ɗaga wa mahaifiyarku Daso murya a kan fili.

Na biyu. Kayan aikina a ba Sista Esta, abokiyar aikina, daga cikin sulusi. Zabiyoyin da ke zuwa daga Gauraka a ci gaba da ba su malfa da riga mai dogon hannu. Rana ce ke cin fatarsu.

Na uku. Abdulƙadir da Taufiq, gabar nan ta isa haka. Abdulƙadir, ka daina cewa ƙanenka ya kai ni an yanka ni. Ni na ce a cire ƙodar, shi rakiya kawai ya yi mini zuwa Zariya. Na san abin da za a faɗa a zaman makoki: wai daji ba ya son ƙarfe, ga shi likitan ma wuƙa ta gama da shi. Wannan magana tana ƙona mini rai. Na ga manomi da ɗan gyambo a dunduniya, ya guje mini ya koma shafe-shafe, da ya dawo ƙafar ta ruɓe har gwiwa. Nawa ciwon a makare aka gano shi, amma aikin ne ya ja mini kwana, da ikon Allah, har na ga auren 'yar'uwarku Mansura.

Na huɗu, kuma dominsa na ɗauki alƙalami. Mansura, baƙin tabon da ke tafin ƙafarki ba kaushi ba ne. Ya faɗaɗa, gefensa ya karkace, na san irinsa. Yanzu ƙarami ne, in an cire shi ina kyautata zaton kin tsira. Tsoro nake ji, 'yata, kuma ba don kaina ba. Na riga na yi magana da mijinki. Goggonku Tayyiba za ta zo da ƙullin magani. Ki karɓa da ladabi, ki yi godiya, ki wuce asibiti. Abdulƙadir, kai za ka kai ta, ba Taufiq ba. Kada ku jira addu'ar arba'in, ko ta uku ma ban yarda a jira ba.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya raba ku da masu zuga. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna. Duk wanda ya zo gaisuwa ya tambayi Mansura, kada ku yi masa kwana-kwana. Ku ce ta tafi a yi mata aiki, mahaifinta ne ya aike ta.