Ciwon Cikin Ishmael

Moduganari, Maiduguri
Oktoba, 2016

Zuwa ga maigidana Dzarma, Baban Ishmael,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya. Yaya aiki, yaya ruwan Legas da kullum kake ƙorafi a kansa? Mu nan lafiya, mun gode Allah.

Ka ce muryata a waya kamar ta mai karanta sanarwa a coci. Gaskiyarka. Ɗaki ɗaya ne, yaron yana jin komai, kai kuma ƙarar motoci ba ta barin ka ji rabin abin da na faɗa. Shi ya sa na ɗauki biro. Wilson direba zai kawo maka.

Maganar Ishmael ce. Ya daina zuwa makaranta.

Ka tuna murnar da ya yi da aka kwashe sauran 'yan gudun hijira zuwa sansani, aka ce za a buɗe makarantu. Na sa shi a wadda muka zauna a cikinta lokacin da muka gudo daga gida. Ita ce kusa da mu, na ce ma abin ya zo da sauƙi tunda ya san hanya. An yi mata fenti, an kawo sababbin kujeru. Makon farko ya je lafiya. Daga nan ciwon ciki ya fara.

Da safe kawai yake zuwa, da zarar na ɗauko yunifom daga kan igiya. Sai ya duƙe, gumi ya keto masa, wani lokaci har da amai. Rana na ɗagawa kuwa, ka gan shi yana cin ɗumame kamar ba shi ba. Asabar da Lahadi cikin nan lafiya ƙalau yake, da alama shi ma hutu yake ɗauka. Na kai shi kemis an ba shi maganin tsutsa. Baba Madu mai gidanmu ya ce irin wannan tsutsar bulala ce maganinta. Na gwada, ba zan ɓoye maka ba. Bai yi kuka ba, ni ma ban ji komai ba, kamar tabarma nake kakkaɓewa. Sai na ajiye.

Yara sun yi yawa a garin nan yanzu. An aiko cewa wanda ba ya zuwa za a ba wani gurbinsa.

Ka ce in gaya maka yadda nake. Ina ci, ina barci, ina share coci, ina dawowa. Tun rasuwar ƙaramin ɗanmu Daniel ban san abin da zan ƙara a kan wannan ba.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya tsare.

Matarka,
Phoebe

Moduganari
Nuwamba

Baban Ishmael,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya murar taka? Ka sha magani, kada ka tsaya jiran ta gaji da kai ta tafi.

Ka ce wataƙila tsoron hari yake ji. Ni ma na yi wannan tunanin, amma ba shi ba ne. Yaron da nake aika kasuwa shi kaɗai, ya wuce shingen sojoji yana gaishe su? In aka ji ƙara daga nesa shi ke gaya mini daga wane ɓangare ta fito.

Malamar ajinsu ta zo gida. Sunanta Malama Gumsu, Babarbariya ce, daga Galtimari take zuwa. 'Yar gajeruwa, ga murya kamar ta mutum biyu. Na zaci faɗa ta kawo, sai ta ce haƙuri ta zo bayarwa. Wai Ishmael ba ya sauke ƙafarsa ƙasa a aji, sai ya naɗe ta a kan benci. Ta yi magana, ta sake yi, ya ƙi. Ranta ya ɓaci, ta sa shi ya durƙusa a nan inda yake zama har aka tashi tara. Washegari bai zo ba. Tana ganin tsawarta ce ta kore shi.

Ba ta tambaye shi dalili ba. Ni ta ja gefe. Ta ce kada in sake dukansa, kada kuma in ce ƙarya yake, ciwon gaskiya ne ko da ba daga ciki ya taso ba. Amma kada in bar shi ya zauna a gida ya saba, don kowace safiya da ya zauna hanyar ƙara masa nisa take. Ta ce a bi shi kaɗan-kaɗan, kada a nemi ya shiga aji tukuna. Ta roƙi hedimasta ya riƙe masa gurbinsa zuwa ƙarshen zango.

Haka muke yi. Da farko yunifom kawai yake sawa ya zauna a ƙofar gida. Sannan muka riƙa zuwa bakin ƙofar makaranta mu dawo. Baba Madu yana kallonmu yana girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin makarantar da ake zuwa a gaida ƙofa ba. Yanzu Ishmael yana shiga shi kaɗai ya zauna a gindin bishiyar maina, Malama ta kawo masa aiki. Ni ina tsayawa a waje wurin masu sayar da gyaɗa.

Ta ce in yi murna, an ci gaba. Na ce mata na yi.

Ishmael yana gaishe ka.

Taka,
Phoebe

Moduganari
Ƙarshen Nuwamba

Baban Ishmael,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Ka karanta wannan kana zaune.

Malama Gumsu ta lura da wani abu. Ishmael yana shiga ofis ya karɓo mata alli. Yana shiga aji biyar ya kai saƙo. Ko'ina yana shiga a makarantar nan, ban da ajinsu. Ta fito ta same ni a bakin ƙofa, ta ce ta ji mun taɓa zama a nan, a wane ɗaki ne? Na ce na ƙarshe, kusa da famfo. Ta riƙe baki. Shi ne aji huɗu, ajinsu Ishmael. Da yake Ishmael ya fi sauran tsawo, a baya ta zaunar da shi, a kusurwar da ke ƙarƙashin taga.

Ba ka nan a lokacin, ban kuma taɓa ba ka labarin dalla-dalla ba. Zan rubuta sau ɗaya. Gidaje da yawa aka zuba mu a ɗakin, kowa ya kare nasa da zane. Kusurwar nan ce tamu. A nan na shimfiɗa wa Daniel tabarma da ƙyanda ta kama shi, don ya samu iskar taga. In na tafi layin abinci Ishmael ke yi masa fifita da kwali. Ranar da ya rasu ma ina kan layi. Da na dawo na tarar yana ta fifitar, ya ce in yi a hankali, ƙaninsa ya samu barci.

A hanyarmu ta komawa gida na tambaye shi. Bai musa ba. Ya ce ba zai iya ɗora takalmi a wurin ba, sauran yara kuma suna takawa, suna zubar da ɓawon gyaɗa. Na ce me ya hana shi gaya mini? Ya ce ya ɗauka na sani, tunda ni na kai shi.

Dzarma, na tsaya ina jiran in ji wani abu. Na san ya kamata in ji. Gajiya kawai na samu. Muka sayi kuɓewa, muka dawo, na yi miya.

Malama ta ce za ta mayar da shi wani ajin, magana ta ƙare. Ya ƙi. Ya ce in ya tashi wani za a zaunar a wurin. Ba zai shiga ba, ba zai kuma bari ba. Ga zango ya kusa ƙarewa, hedimasta ya fara tambaya.

Ka sa mu a addu'a. Tawa ba ta wuce leɓe.

Phoebe

Moduganari
Disamba

Maigidana,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kuma sun amince da hutun naka.

Malama Gumsu ta janye bencin daga kusurwar. Ta gaya wa yara rufin wajen yana yoyo, kada kowa ya zauna. Suka yi ta dariya, ruwan sama a Disamba. Amma sun san muryarta, babu mai zuwa wurin. Ta sa wa Ishmael wurin zama a gefe, inda zai iya ganin kusurwar. Ya yarda zai shiga, da sharaɗi ɗaya, in shiga tare da shi.

Na ce wannan ai ba komai ba ne. Ranar Litinin muka shirya, na wuce masu gyaɗa, na wuce bishiyar, muka hau baranda. Ina hango tagar nan daga ƙofa sai cikina ya murɗa. Gumi ya jiƙa mini riga, na dafa bango, na sulale na zauna a ƙasa, mace da girmanta, yara na leƙowa. Ina so in ce masa mu je, bakina ya ƙi buɗuwa. Na ji tsoro, Dzarma. Na kuma ji kewar ɗana, ta zo mini gaba ɗaya, ban san inda zan sa ta ba.

Ishmael ya tsuguna a gabana. Ya ce ciwon gaskiya ne, zai lafa, in ja numfashi a hankali. Ya ce ba dole sai na shiga yau ba, amma kada in koma gida. Ya je famfo ya ɗebo mini ruwa. Sannan ya ce in zauna nan in kalle shi, zai shiga don in ga babu abin da zai faru.

Ya shiga. Ya zauna har aka tashi. Lokaci-lokaci yakan waiwayo ya duba ni, yadda ake duba mara lafiya.

Kullum yana zuwa yanzu. Hedimasta ya daina tambaya. Ni har yau a baranda nake, gobe ya ce bakin ƙofa za mu gwada.

Ya ce in gaya maka, in ka zo Kirsimeti kai ma zai kai ka, tunda ba ka taɓa ganin wurin ba. Ya ce kada ka damu, daga baranda ake farawa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Phoebe