Talata Ce Ranata

Hindawiyya, Makka
Rajab 1438

Ƙanwata Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da ciwon baya? Yaya yara?

Ni lafiya lau, kada ku damu. Inda aka yanke min ƙafar ya warke.

Ƙungiyar da ke taimaka mana ta sauya tsari. Da a hannu ake ba ni tallafin, in ɗauki maƙwabcina Mukhtaru ya tura ni a keken guragu zuwa Harami duk sanda raina ya so. Yanzu mota suke turowa ranar Talata, da ma'aikacinsu. Yana da kirki. Ya hau da ni bene, mu zagaya Ka'aba sau bakwai, ya maido ni. Na ce Mukhtaru nake so. Sun rubuta.

Kin san shekara ashirin na yi ina tura alhazai a keke. Ban taɓa motsawa ba sai na tambaya: "Alhaji, ƙasa ko sama? A hankali ko da sauri?" Wata huɗu ke nan ba wanda ya tambaye ni. Ban yi fushi ba. Ba na ma jin komai.

In an samu mai zuwa Umara, a aiko min da daddawa. Ki gaya wa Inna ina yi mata addu'a a gaban Ka'aba, ranar Talata.

Yayanki,
Abdulwadud